Injin Man Gyaɗa da Maigidana Ya Ƙera Mini

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini sai ta ajiye biro ta jira. Na ce mata kada ta sa sunan kowa, domin duk waɗanda zan ambata suna nan da ransu a Matameye, ban da mutum ɗaya, shi kuwa Allah ya san sunansa.

Sana'ata tun ina amarya ita ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai taɓa yi ba gani yake abu ne mai sauƙi. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji a markaɗo, duk wannan wasa ne. Wahalar tana cikin turmi. Ki zuba markaɗen, ki riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa da taɓarya, abin yana ƙara tauri yana riƙe miki hannu, har sai mai ya ga dama ya taso sama. Abin da ya saura a ƙasa shi ne tunkuza, da ita ake murza ƙuli-ƙuli. Na yi ta wannan juyi har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka. Haka kowace mai wannan sana'a a unguwarmu take, kowa a gidanta, kowa da turminta da ciwon bayanta.

Maigidana mai gyaran keke ne da amalanke, rumfarsa tana bakin hanyar tasha. Ba shi da yawan magana, amma in ya ga ƙarfe a yashe ba ya iya wuce shi. Bayan ɗakinmu cike yake da tarkacen da na sha yi masa faɗa a kai. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba.

Wata rana na kai masa abinci na tarar ya kifa keke, ƙafafu a sama, yana juya feda da yatsa ɗaya, tayar baya tana gudu har ba a ganin wayoyinta. Na tsaya da kwano a hannu ina kallo.

Na ce, "Malam, wannan abin da kake juyawa da yatsa, ba zai juya mini tunkuza ba?"

Ya ce, "Ajiye kwanon tukuna, miya na zuba a ƙafarki."

Ya ci abincinsa. Sai da ya wanke hannu ya ce, "In ta kama, taurinta ya kai na lakar gini?"

Na ce ya fi.

Ya ce, "To, sai mun wahala."

Mun kuwa wahala. Inji na farko da ya haɗa, sarƙar keken tana bisa bakin tukunyar, baƙin maiƙonta ya riƙa ɗiga cikin markaɗen. Mai ya fito kamar ruwan kwata. Ƙawata matar mahauci, wadda muka taso tare tun muna tallar goro, ta leƙa ta ce, "Yaya, wannan na miya ne ko na zuba wa babur?" Muka yi dariya har da ni. Na biyu kuwa, da tunkuza ta kama, sai fukafukan ƙarfen da ke juyawa a ciki suka lanƙwashe kamar ganyen rama. A ranar Hajiya tana nan, matar wani Alhaji mai fataucin wake, wadda ita ma takan yi mai don nishaɗi ba don buƙata ba. Ta ce, "Ki bar tsohon nan ya koma facin tayarsa. Kin sa shi gaba yana ɓata gyaɗar mutane." Malam yana jinta. Ya tattara ƙarafansa ya fita.

Na ukun ne ya yi. Ya yanke tano rabi, wato babbar gangar ƙarfe ta zuba mai, ya dasa sandar ƙarfe mai kauri a tsakiya, ya mai da sarƙar gefe ya rufe ta da gwangwani. Saura mariƙi. Sai ya kawo mini dunƙulen laka ɗanye ya ce in matse da hannun dama kamar ina riƙe da taɓarya. Na matse na ba shi. Ya shanya ta ta bushe, ya samo icen ƙirya, ya zauna yana duban lakar yana sassaƙa, har sai da ya fitar da gurbin kowane yatsa nawa a jikin icen. Da na kama mariƙin nan, ji na yi kamar an ba ni hannu an gaishe ni. Na juya, tano ya yi gunji, ban kai ga gajiya ba mai ya taso, ja, garau, yana ƙamshi.

Labari ya zaga unguwa. Matan da suka yi dariya suka fara zuwa da ƙwaryar markaɗe, wannan ta ce in taimaka, waccan ta ce bayanta ya ƙage. Tsakar gidana ta cika. Da na ga kowa tana zaune tana jiran layi hannu sake, sai na ce musu, me zai hana mu haɗa gyaɗarmu wuri ɗaya, kowa ta tsaya a aikin da ta fi iyawa? Mai ido a wuta ta yi suya, mai saurin hannu ta murza ƙuli-ƙuli, mai baki ta tari masu saye. Ni na tsaya a inji, ina juyawa ina ɗiga ruwan zafi. Haka ƙungiyarmu ta tashi. Muka ba Hajiya shugabanci, don ita ce mai waya, ita ce kuma ba ta jin nauyin shiga ofishin magajin gari. Ba da jimawa ba masu saye suka fara zuwa da bidon, wato jarkoki, daga Dawce da Icirnawa, ranar kasuwa kuwa kafin la'asar ba ma da ko ɗigo.

Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗi a duniya. Da yamma Malam yakan dawo ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure, baya ga mata, kunne ga inji. Can sai ka ji ya ce, "Sarƙa tana jin ƙishi," ya tashi ya ɗiga mata mai. Wata rana matan suna yi masa godiya, suna ta zuba addu'a har kunya ta kama shi, sai ya ce, don dai su ƙyale shi, "Ai injin naku ne duka, Allah ya sa albarka." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Hajiya ta ɗauka.

Ya rasu da kaka, daidai lokacin da sabuwar gyaɗa ke shigowa gari. Ciwon bai daɗe ba. Da safe ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a sake wata safiyar an kai shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba.

Na shiga takaba. Bayan an yi addu'a 'yan gaisuwa sun watse, ɗiyata ta koma gidan mijinta a Kurni, sai Hajiya ta zo ta zauna kusa da ni. Ta yi magana a hankali. Ta ce bai kamata mata su riƙa hira da shewa da suya a gidan makoki ba, kuma maza masu sayen mai ba za su riƙa shigowa inda mai takaba take ba. Ga gyaɗa ta shigo, aiki ba zai jira ba. Ta ce a kai injin gidanta na ɗan lokaci, ranar da na fita a dawo da shi. Maganarta gaskiya ce, ban ga abin musu ba. Na ce to. Ina cikin ɗaki na ji an ɗora shi a amalanke, na ji sarƙar tana kaɗawa har suka fita zaure. Na cusa bakin zane a baki don kada a ji ni.

Watannin nan sun yi mini tsawo. In iska ta juyo daga gabas takan kawo mini ƙamshin suya daga gidan Hajiya, in zauna ina lissafa a raina, yanzu sun sauke, yanzu suna murzawa. Da fari ƙawata tana zuwa kullum. Daga baya sai ran Juma'a. Ita ta gaya mini matar ɗan Hajiya ce ke juya injin, yarinya mai ƙarfi kamar ingarma, kuma ta naɗe mariƙin da robar tayar keke, wai gurabun yatsun suna ci mata hannu. Ta gaya mini wata mata ta furoje, masu aikin tallafa wa mata, ta zo daga Damagaram ta koya musu abubuwa, yanzu suna sa citta da barkono a ƙuli-ƙuli, suna ɗaurawa a leda su liƙe bakin da wutar kyandir. Na yi murna, wallahi na yi murna. Na ce in na fita ni ma ina da abin da na tuno a zaman nan, yadda za a tace mai ta cikin farin ƙyalle tun yana da ɗumi.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa zanen da Malam ya fi so, na nufi gidan Hajiya da hantsi. Na tarar da aiki ya kankama. Kowa a wurinta, hannu na tafiya, babu mai ɗaga kai. Hajiya ta ce, "Iya, sannu da fita. Allah ya jiƙan Malam. A shimfiɗa wa Iya tabarma a inuwa." Da can Yaya take ce mini. Ban zauna ba, na wuce wurin inji.

Matar ɗanta ta ce, "Iya, bari in ƙarasa wannan zubin."

Na jira ta ƙarasa. Aka zuba sabo, na kama mariƙi. Robar ta cika mini hannu, ban ji gurbin yatsa ko ɗaya ba. Na fara juyawa. Zaman ɗaki ya cinye mini ƙarfi ban sani ba, ga shi sun ƙara yawan abin da suke zubawa, don yarinyar tana iyawa. Da tunkuza ta fara kamawa sai ta riƙe mini hannu. Ina juyawa, ina tsayawa in ja numfashi. Masu murza ƙuli-ƙuli suka gama na gabansu suka zauna. Mai suya ta janye itace daga wuta. Tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan sarƙa a hankali, kowa ta zuba mini ido.

Wata yarinya cikin sababbin da aka ɗauka ta ce, "Iya, ko mu je mu yi azahar mu dawo?"

Aka fashe da dariya. Na duba wajen ƙawata. Ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta suna motsi.

Hajiya ba ta ja ni gefe ba, a gabansu ta faɗa. Ta ce, "Iya, kada ranki ya ɓaci. Ke da bakinki kika koya mana kowa ta tsaya inda ta fi ƙarfi. Da ba kya nan, abin da muke yi a yini biyu shi muke yi a yini ɗaya. To ke yanzu, fisabilillahi, a ina kika fi ƙarfi?"

Na ce ina da dabarar tace mai. Ta ce sun riga sun sayi rariyar ƙarfe. Sannan ta ce akwai aikin da ya dace da ni, in zauna kusa da gyaɗar da aka shanya in riƙa korar kaji da awaki. Aka miƙo mini kara.

Na karɓa. Mutane za su ce me ya sa. Daga wurin shanyar ina ganin injin, shi ya sa. Na yi kwanaki ina korar kaji. A cikinsu ne matar furoje ta dawo da abin ɗaukar hoto. Ta zagaya injin tana mamaki, ta tambayi wa ya yi wannan tunani. Hajiya ta ce, "Tunanin ƙungiya ne, Madam. Mu a nan ba mai cewa ni, sai mu." Madam ta ji daɗin maganar har ta sa aka maimaita mata. Aka jeru a bayan inji za a ɗauki hoto. Na taso ina gyara ɗankwali, sai Hajiya ta ce, "Iya, ga akuya can ta shiga gyaɗa." Na juya. Babu akuya. Kafin in waiwayo an ɗauka.

Washegari na je na same ta kafin mata su taru. Na ce, "Hajiya, kin ce ranar da na fita za a mayar mini da inji. Na fita. Ku ci gaba da ƙungiyarku, ni a ba ni kayan mijina, ko tiya ɗaya ce in riƙa juyawa a gidana."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Kayan mijinki? Iya, ji tsoron Allah. A gabanmu Malam ya ce injin namu ne duka. Sadaka ya yi. Yanzu haka yana kwance, duk juyin da aka yi lada na isa gare shi, gidaje nawa ke ci daga abin nan. Ke kuma ki kai shi ɗaki ki rufe, ki yanke wa mamaci ladansa don kin ji haushin an yi miki wasa? In kin iya, ga shi can, ɗauki."

Daga nan gidan malamin unguwarmu na wuce, na gaya masa komai ta bayan labule. Ya tambaye ni, "Ya faɗa da bakinsa, kina ji?" Na ce ya faɗa, amma kunya ce ta sa shi. Ya ce shi ba ya iya shiga zuciyar wanda ya riga mu, abin da aka ji shi ne aka ji, kuma in ina son mijina in bar masa abin da ke amfanarsa. Na koma gida ina kuka a hanya, ban damu da masu kallo ba.

Ban sake shiga gidan Hajiya ba, amma ban iya nisa da injin ba. Akwai wani dakali a bayan katangarta, ta wajen lungu. Nan nakan je da hantsi in zauna da carbi. Ana jin sarƙar sarai daga nan. Duk juyi in ce, Allah ka kai masa. In na ji ta fara ƙara irin ta bushewa, sai in aika a gaya musu sarƙa tana jin ƙishi. Wani lokaci su sa mata mai, wani lokaci in ji ana dariya a ciki. Da wannan na rarrashi kaina har damina ta wuce, wata kaka ta zo. Na ce ba komai, ni an fitar da ni, amma shi Malam yana ciki.

Sai wata safiya na zauna a dakalin na ji wata ƙara daban, mai toshe kunne, da warin hayaƙi. Na jira sarƙa, ban ji ta ba. Na kewaya na shiga. Ga sabon inji kore mai moto a tsakar gida, furoje ta kawo, mata sun kewaye shi suna guɗa. Na duba inda namu yake, wayam.

Na ce, "Hajiya, ina na Malam?"

Sai da ta sa aka rage ƙarar kafin ta ji ni. Ta ce, "Wanne? Au, tsohon? Ai ya gama aikinsa, Iya. Ƙarafan, masu sayen gwangwan sun kwashe. Tanon ga shi can."

Na bi hannunta da ido. Rabin tanon yana gindin katanga cike da ruwa da dusa, awaki suna sha.

Na ce, "Ladan fa? Kin ce kada in yanke masa lada."

Ta ce, "Ikon Allah. To dabba in ta sha ruwa a ciki ba lada ba ne?" Wasu suka yi dariya. Ta juya za ta koma wurin sabon injin.

A nan na ga mariƙin. An fere ƙasansa da gatari an kafa shi a ƙasa, an ɗaure wata jar akuya a jiki. Robar tana nan naɗe, igiya ta zagaye ta, kashin awaki ko'ina.

Na ce, "Ba ni wancan."

Ta ce, "Turken? In na ba ki, a ina zan ɗaure ta? Ta fi kowa ɓarna. Ki kawo wani ki kafa, sai ki ɗauka."

Na koma gida na zaɓi ice mafi kauri cikin itacen girkina, na fere shi da wuƙa, na dawo. Na durƙusa a turken awakin Hajiya ina buga shi da dutse. Ƙasar ta yi tauri, dutsen yana kuɓuce mini. Mata fiye da goma a gidan, babu wadda ta taso. Ƙawata tana zaune kusa, har ina jin numfashinta, ta sunkuyar da kai tana murza ƙuli-ƙuli kamar an ce za a ƙwace. Da ya kafu na kwance akuyar na mai da ita, sannan na yi ta girgiza mariƙin har ya fito. Na sa shi cikin zane na fita. Ba wadda ta ce mini sai an jima, an riga an ƙara wa moto wuta.

A gida na warware robar. Gurabun suna nan yadda ya sassaƙa su, guda biyar, sumul. Na sa hannu, kowane yatsa ya faɗa wurinsa. Na wanke shi da toka, na wanke da sabulu, na shafa masa man gyaɗa, amma har yau in na kai shi hanci warin fitsarin akuya nake ji, icen ya riga ya sha.

Ƙungiya tana nan tana bunƙasa, an ce har Damagaram ake kai mansu da takarda liƙe a jikin kwalba. Ranar sallah ƙawata ta aiko mini da ƙuli-ƙulinsu a leda. Na ba 'ya'yan maƙwabta, ni ba ni da haƙoran cinsa. Ita ba ta zo ba, ni ma ban je ba.

Mariƙin yana ƙarƙashin matashina. Bayan sallar asuba nakan ɗauko shi in riƙe a hannun dama, carbi a hagu, in yi wa Malam addu'a har rana ta fito, tunda yanzu babu abin da ke juyawa dominsa. Wani lokaci sai in ga hannun nawa yana zagayawa shi kaɗai a iska. Maƙwabciyata ta ce in tsaya haka nan, wai na jiƙa mata takarda.